Mudun Awon Ilimi: Tarihin Auna Darajar Mujallun Lafiya da Darasin Birnin Kudu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya san cewa kafin a kai ga maganar kuɗi sai an daidaita a kan mudu. Mai saye yakan ɗauki kwanon awo ya jujjuya shi, ya duba gindinsa ko an bubbuge, domin ya san rikicin ciniki daga awo yake farawa. Masana ilimin zamani su ma suna da nasu mudun. Da shi suke auna mujallun da ake buga sakamakon bincike, su ce wannan tana sahun gaba, waccan tana can baya. Da shi ne kuma, a jami'o'i da asibitocin koyarwa, ake yanke hukuncin wanda ya cancanci ƙarin girma da wanda zai ci gaba da jira.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan mudu: wanda ya ƙera shi, dalilin da ya sa aka ƙera shi, da yadda ya iso ƙasarmu. Za ta kuma gwada shi a kan binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Jigawa da maƙwabtanta, musamman wata gajeriyar maƙala da ta fito daga asibitin Birnin Kudu a 2007. Manufar ita ce a gane abin da mudun yake iya aunawa, da abin da yake zubewa ta gefensa ba tare da an ƙirga ba.

Asalin Ƙidayar Ambato

Ambaton wanda aka ɗauko ilimi daga gare shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hadisi sun gina fanninsu a kan isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito magana ɗaya bayan ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Sai dai a wannan al'ada ana duban halin mai ruwaya da kiyayewarsa kafin a dubi yawan masu ruwayar. Sabon abin da ƙarni na ashirin ya zo da shi shi ne mayar da ambato lissafi.

Talaucin ɗakin karatu ne ya haifi wannan lissafi. A 1927 wasu masana biyu masu suna Gross, a Kwalejin Pomona da ke Kalifoniya ta Amurka, suka so sanin mujallun da ya kamata ƙaramin ɗakin karatu ya saya da ɗan kuɗin da yake da shi. Suka ɗauki fitowar shekara guda ta babbar mujallar masana sinadarai ta Amurka, suka ƙirga mujallun da marubutanta suka fi kafa hujja da su. A 1934 kuma wani ma'aikacin ɗakin karatu a Landan, Samuel Bradford, ya lura cewa a kowane fanni 'yan mujallu kaɗan ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na rubuce-rubucen da ake buƙata.

Wanda ya mayar da wannan tunani sana'a shi ne Eugene Garfield, wanda ya rayu daga 1925 zuwa 2017. A 1955 ya buga maƙala a mujallar Science yana kiran a samar wa masana kimiyya kundin ambato, kwatankwacin wanda lauyoyin Amurka suka daɗe suna amfani da shi wajen bin sawun hukunce-hukuncen kotu. Ya kafa kamfaninsa a birnin Filadalfiya, ya fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Shi da abokin aikinsa Irving Sher suka ƙirƙiro abin da ake kira ma'aunin tasiri, don su san mujallun da za su shigar cikin kundin. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara buga wannan ma'auni kowace shekara. Kamfanin ya koma hannun Thomson a 1992, daga 2016 kuma yana hannun Clarivate. Abin lura shi ne, tun farkonsa har yau, mudun dukiyar kamfani ne mai neman riba, kuma an ƙera shi ne don zaɓen mujallu. Garfield da kansa ya sha gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen auna mutum ɗaya.

Yadda Ake Awon

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka wata mujalla ta buga maƙaloli 100 a shekarun 2021 da 2022, sannan a cikin 2023 aka ambaci waɗannan maƙaloli sau 250. A raba 250 gida 100, ma'aunin tasirinta na 2023 ya zama 2.5. Daga nan sai a jera mujallun fanni ɗaya daga mai babban adadi zuwa mai ƙarami, a kasa su kashi huɗu. Kashin farko shi ne Q1, na ƙarshe Q4. Mujallun lafiyar jama'a suna da nasu rukunin, inda ake haɗa su da na lafiyar muhalli da ta ma'aikata.

Daga baya wasu ma'aunan sun biyo. A 2004 kamfanin Elsevier na ƙasar Holan ya buɗe kundin Scopus, a shekarar ce kuma Google Scholar ya bayyana. A 2005 masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h don auna mai bincike shi kaɗai. Wata ƙungiyar masana a Sifen mai suna SCImago ta fito da nata jerin, Elsevier kuma ya ƙara da CiteScore a 2016. Sun bambanta a tsawon shekarun da suke dubawa da nauyin da suke ba kowane ambato, amma tushensu ɗaya ne.

Abubuwa uku ne ke ɓoye a cikin wannan lissafi. Na farko, ambaton da aka yi a cikin mujallun da kundin ya karɓa shi kaɗai ake ƙirgawa. Mujallar da ke waje ko ta ambaci aiki sau dubu, daidai yake da ba ta yi ba. Na biyu, ma'aunin Garfield shekara biyu kawai yake dubawa, alhali binciken lafiyar jama'a yakan ɗauki shekaru kafin amfaninsa ya bayyana. Na uku, ambato shaida ce ta an kula da rubutu, amma ba ya tabbatar da ingancinsa. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, a The Lancet ta fito, an ambace ta ba adadi, kafin mujallar ta janye ta a 2010. Annobar korona ma ta nuna yadda adadin yake bin guguwar zamani: ma'aunin The Lancet, wanda yake wajen 79 a lissafin 2020, ya haura 200 a na 2021, sannan ya dawo ƙasa da 100 a na 2023. Ba wanda zai ce ingancin mujallar ya ninku ya kuma zube cikin shekara uku. Hankalin duniya ne ya tattaru wuri ɗaya, sannan ya watse.

Daga Garki zuwa Zariya

Ƙasar da ake kira Jigawa a yau ta shiga kundayen ambato tun kafin a kafa jihar a 1991. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a lokacin tana cikin Jihar Kano. An yi feshin maganin sauro a ɗakunan kwana, an raba wa jama'a magani, an riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauye ana dubawa a kai a kai. A 1974 Dietz da Molineaux da Thomas suka buga tsarin lissafin yaɗuwar cutar a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 1980 kuma Molineaux da Gramiccia suka fitar da littafin The Garki Project. Sakamakon ya nuna cewa cutar ta ja baya ƙwarai lokacin da ake aikin, amma ba a katse yaɗuwarta ba, kuma da aka daina sai ta dawo.

Har yau masu lissafin maleriya a jami'o'in Turai da Amurka suna komawa ga alƙaluman Garki. Ta fuskar ambato, da wuya a sami binciken da aka yi a ƙasar Jigawa da ya kai shi suna. Amma sunan Garki ya zaga duniya ya bar zazzaɓin a gida, domin har gobe, da damina ta sauka, shi ne ke cika gadajen yara a asibitocin jihar. Wannan ba aibin binciken ba ne, don ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Yana dai nuna cewa yawan ambato da samun sauƙin masu ciwo hanyoyi ne biyu da ba dole su haɗu ba.

A shekarun nan ne kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zama cibiyar bincike da duniya ta sani. Brian Greenwood ya yi aiki kan sanƙarau, David Warrell kan saran maciji, Davidson da Eldryd Parry kuma suka binciki ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da wankan jego da kunun kanwa. Mafi kusa da batunmu shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya buga sakamakon a 1985 a mujallar likitocin mata ta Ingila. Ana lissafa aikin cikin waɗanda suka farkar da duniya game da mutuwar mata wajen haihuwa, gabanin taron Nairobi na 1987 kan haihuwa lafiya. Duk waɗannan ayyuka an yi su a Arewa, amma a mujallun waje suka fito, darajar ambatonsu kuma can ta tafi.

Mujallun Gida

Bayan karyewar darajar naira da ta biyo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ɗakunan karatun jami'o'in Nijeriya suka kasa ci gaba da sayen mujallun waje, mujallun gida kuma da yawa suka koma fitowa jefi-jefi. Sharaɗin farko na shiga kundin ambato shi ne fitowa a kan lokaci, don haka ƙofa ta ƙara rufuwa. A 1995 mujallar Scientific American ta buga wani rahoto na W. Wayt Gibbs da ya nuna yadda kimiyyar ƙasashe masu tasowa take ɓacewa saboda kundayen ba sa ganinta. Lamarin ya zama zagaye: mujallar da ba ta cikin kundi ba a samunta, wadda ba a samu ba ba a ambatonta, wadda ba a ambata ba kuwa ba a shigar da ita kundi.

An yi yunƙurin karya wannan zagaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa fihirisar African Index Medicus don rubuce-rubucen lafiya na Afirka. A 1998 aka fara African Journals Online, wanda yanzu yake ɗauke da ɗaruruwan mujallun nahiyar a intanet. A Arewa ma likitoci ba su naɗe hannu ba. Sakkwato ta fitar da Sahel Medical Journal, sannan a 2002 aka fara Annals of African Medicine, mai alaƙa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kano ta fitar da Nigerian Journal of Basic and Clinical Sciences, Zariya kuma Annals of Nigerian Medicine. Mujallar nan ta Sakkwato, Annals of African Medicine, ta samu shiga PubMed, babbar fihirisar likitanci ta Amurka, ana kuma karanta ta kyauta a intanet. Ma'auninta bai taɓa kusantar na manyan mujallun Landan ba. A cikinta ne maƙalar Birnin Kudu ta fito.

Darasin Birnin Kudu

Jijjiga cuta ce da ke kama mai juna biyu ko mai naƙuda ko sabuwar mai jego, sakamakon hawan jinin ciki. Tana zuwa da taune-taune da fita hayyaci, kuma tana cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a Arewacin Nijeriya. Tun 1995 The Lancet ta buga sakamakon wani gwaji na ƙasa da ƙasa da ya tabbatar cewa allurar magniziyam salfet ta fi dayazifam hana jijjigar dawowa. A 2002 ta sake buga gwajin Magpie, wanda ya ƙunshi mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna maganin yana rage haɗarin kamuwa da jijjiga da fiye da rabi. Maganin ba shi da tsada. Waɗannan maƙaloli biyu an ambace su iyakar ambato. Duk da haka, shekaru bayan fitowarsu, asibitoci da yawa a Arewa dayazifam suke bayarwa.

Babban asibitin Birnin Kudu, wanda gwamnatin tarayya ta mayar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a shekarar 2000, shi ne matattarar marasa lafiyar da ƙananan asibitoci suka kasa, daga ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram da Buji har da maƙwabta na Jihar Bauci. A 2007 Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka tattara bayanan masu jijjiga da aka kwantar a asibitin, suka buga a mujallar Sakkwato. Sun gano cewa kusan tara cikin kowace haihuwa 100 da aka karɓa a asibitin ta zo da jijjiga, kuma mafi yawan matan masu cikin fari ne da ba su je awon ciki ba. Wajibi ne a fahimci adadin yadda yake: na asibitin da ake turo masu matsanancin hali ne, a yankin da yawancin mata a gida suke haihuwa, don haka ba ya nufin tara cikin ɗarin dukkan matan ƙasar. Amma ko da an yi wannan togaciya, adadin ya ninka abin da ake samu a asibitocin kudancin ƙasar sau da yawa, kuma ya zama abin da masu rubutu kan jijjiga a Nijeriya suke yawan komawa gare shi.

Maƙalar 'yan shafuka ce, ba ta ƙirƙiro magani ba, kuma babbar mujallar duniya ba za ta ga sabon abu a cikinta ba. Aikin da ta yi shi ne nuna inda matsalar take da girmanta, cikin alƙaluman da jami'in ma'aikatar lafiya a Dutse ko Kano ba zai iya cewa na wata ƙasa ba ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2008 aka fara shirin shigar da magniziyam salfet a manyan asibitoci goma na Jihar Kano, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar da ƙungiyar Population Council da tallafin Gidauniyar MacArthur, Dakta Tukur kuma yana cikin jagororinsa. Aka horar da likitoci da ungozomomi, aka wadata maganin. Rahoton da aka buga daga baya ya nuna mutuwar masu wannan cuta a asibitocin ta sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa kashi 2.3.

Ba daidai ba ne a ce maƙala ɗaya ce ta haifar da wannan nasara. Abin da tarihin ya nuna shi ne tsakanin hujjar 1995 da allurar da ta shiga jikin mai naƙuda a 2008 akwai shekara goma sha uku, kuma abin da ya cike giɓin shi ne ƙananan bincike na gida, da horar da ma'aikata, da shawo kan masu mulki. Babbar mujalla ta faɗi maganin, ƙaramar mujalla ta nuna ƙofar da za a kai shi. Mudun ambato yana auna ta farko a cike, ta biyu kuwa ɗan abin da ya maƙale a gindin kwano kawai yake gani. Dalilin a fili yake: ungozomar da ta karanta ƙa'idar ba da allura a asibitin Basirka ko Fagam ba ta rubuta maƙala, ɗalibar makarantar jinya ta Birnin Kudu ma haka. Suna amfani da ilimin ne, ba sa ambatonsa, lissafin kuwa bai tanadi gurbin mai amfani ba.

Abin da Mudun Ya Jawo

Da jami'o'i suka ɗaura ƙarin girma a kan yawan bugu da darajar mujalla, sai abubuwa uku suka biyo baya. Mai bincike yakan aika mafi kyawun aikinsa waje, ya bar wa mujallar gida abin da aka ƙi karɓa a can, ita kuma ta ci gaba da zama a baya. Yakan kuma zaɓi batun da editan Landan ko Boston zai so, ko da ciwon da ke cika ɗakin da yake duba marasa lafiya tsargiya ce ko tamowa. Sannan mujallu da yawa da ake karantawa kyauta suna cajin marubuci daloli dubbai, kuɗin da zai iya cinye albashin likitan Nijeriya na watanni, sai fa idan an yafe masa.

A wannan rami ne mujallun bogi suka yi gida. Suna karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewar masana ba, wasu har da ma'aunin tasiri na ƙarya a bangonsu. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya aika wata maƙala mai cike da kurakurai da gangan ga mujallu 304, guda 157 suka karɓe ta. A fannin lafiya irin wannan algus ya wuce asarar kuɗi, domin ƙarshensa a jikin majinyaci yake sauka.

Masana a duniya ma sun farga. A ƙarshen 2012 aka tsara Sanarwar San Faransisko, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da ma'aunin mujallar da ya yi bugu a cikinta. A 2015 aka fitar da ƙa'idoji goma na Leiden, ɗaya daga cikinsu tana kiran a kare binciken da ke da muhimmanci ga yankinsa. A 2023 Clarivate ya faɗaɗa ba da ma'aunin tasiri ga dubban mujallun da a da ba su da shi. Ƙofa ta ɗan buɗe, amma mudun bai sauya siffa ba.

Kammalawa

Watsi da awo gaba ɗaya ba mafita ba ce. Kasuwar da ba mudu, mai ƙarfi ne ke cin ta, kuma kwamitin ƙarin girman da ba shi da ma'auni yakan faɗa hannun sanayya. Sharuɗɗan shiga kundi ma, wato fitowa a kan lokaci da tantancewar masana ta gaskiya da adana tsofaffin fitowa a intanet, abubuwa ne da mujallun Sakkwato da Kano da Zariya suka amfana da bin su. Abin da ake buƙata shi ne a san iyakar mudun, a kuma ajiye wani kusa da shi. Kwamitin da ke duba takardun likita zai iya karanta maƙalolinsa biyar da ya fi alfahari da su maimakon ƙirga hamsin, ya kuma tambaya ko aikin ya shiga ƙa'idar jinya ta jiha, ko manhajar makarantar ungozoma, ko kasafin ma'aikatar lafiya. Asusun TETFund, wanda dama yana tallafa wa mujallun manyan makarantu, zai iya ɗaura tallafin a kan ingancin tantancewa. Mujallun gida kuma ba abin da zai hana su buga taƙaitaccen bayanin kowace maƙala da Hausa, yadda ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da gidan rediyo za su iya ɗauka.

Garki ta koya mana cewa bincike zai iya cika kundayen duniya ciwon yana nan a ƙauyen da aka yi shi. Birnin Kudu ta koya mana cewa 'yan shafuka a mujallar da ba ta sahun gaba za su iya zama tsani tsakanin ilimi da gadon asibiti. Ba girin-girin ba, ta yi mai, in ji masu iya magana. A fannin lafiyar jama'a man shi ne yarinyar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Gwaram cikin dare tana jijjiga, ta tarar da allurar a ɗakin haihuwa da ma'aikaciyar da ta san yadda ake ba da ita, ta koma gida da jaririnta a goye.